Manhajar YouVersion ga mai son girma cikin bangaskiya

YouVersion manhajar karanta Littafi Mai Tsarki ce a waya. Kyauta ce, kuma akwai fassarar Hausa a ciki. Ka sauke fassarar a waya tun kana da data, domin inda babu sabis, abin da ba a sauke ba ba ya buɗuwa. Surori 1,189 ne duka a Littafi Mai Tsarki. Uku zuwa huɗu kullum sun isa a gama cikin shekara. Gara sabon tuba ya fara da Markus ko Yohanna, don masu farawa daga Littafin Farawa sukan sare a Littafin Firistoci.

Raunin manhajar shi ne galibin tsare-tsaren karatunta da Turanci suke. Ƙidayar kwanakin karatu a jere da manhajar ke yi, tana tunasar da mai karatu, kuma takan sa mutum ya buɗe, ya leƙa aya ɗaya, ya rufe ba tare da bimbini ko addu'a ba. Gara a kashe wannan tunasarwar.