Windsor, Hampton Court ko Leeds Castle: wace fada ta cancanci yininka a Ingila?

Baƙon da ya zo Landan da mako guda ko biyu a hannu, da wuya ya samu fiye da yini ɗaya na fita wajen gari. Tikitin shiga waɗannan tsofaffin gidajen sarauta ba arha ba ne, balle in da iyali, ga kuma kuɗin jirgin ƙasa. Shi ya sa kafin ka zaro katin banki, ka tambayi kanka: ɗakunan sarakuna kake son gani, ko fili da lambu inda za ka miƙe ƙafa yara su yi guje-guje?

Windsor ce sunan da kowa ya sani. William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta, kuma har yau gidan sarauta na amfani da ita. A cocin St George da ke cikinta aka binne Sarauniya Elizabeth ta biyu a 2022. Ɗakunan karɓar baƙi, waɗanda aka sake gyara wasunsu bayan gobarar 1992, sai wanda ya gani: zinariya, makamai, zane-zane. To amma ba a ɗaukar hoto a cikinsu, cunkoson jama'a kuma kan tura ka gaba ko ba ka gama kallo ba. A bisa al'ada ana rufe fadar ranakun Talata da Laraba, ranar Lahadi kuwa cocin na masu ibada ne kawai. Lambunan cikin ganuwa galibi ba na 'yan kallo ba ne. Abin da ke akwai shi ne doguwar hanyar nan mai jerin itatuwa, Long Walk, wadda ta haura kilomita 4, kuma kyauta ce, ba sai da tikiti ba. Wanda ya sayi tikitinsa kai tsaye daga Royal Collection Trust, hukumar da ke kula da ziyarar fadar, yana iya sa a mayar masa da shi na shekara guda, abin da zai amfani ɗalibi ko mazaunin ƙasar. Daga tashar Paddington ta Landan sai an sauya jirgi a Slough, garin da Musulmi ke da yawa, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuya a hanyar dawowa.

Ni dai in yini ɗaya ne, Hampton Court nake nuna wa mutum. Jirgi daga tashar Waterloo ta Landan bai fi minti 40 ba, katin Oyster na biyan kuɗin sufurin Landan ma na aiki, kana sauka ka haye gadar kogin Thames, ga ƙofa. Gida ne biyu a haɗe. Na jan bulo, wanda babban limamin coci Thomas Wolsey ya soma ginawa wajen 1515 kafin Sarki Henry na takwas ya karɓe, da kuma sabon ɓangaren da Christopher Wren ya gina wa Sarki William na uku daga 1689. Tun zamanin George na biyu ba sarkin da ya sake zama a ciki, Sarauniya Victoria kuma ta buɗe shi ga jama'a a 1838. Rashin mai gida ya yi wa baƙo rana: kana yawo a sake, ba mai korarka. Madafar Henry kaɗai ta isa a ɓata awa guda, wurin da ake dafa wa ɗaruruwan fadawa abinci kullum, da manyan murhun gasa nama. Wanda ya san hidimar gidan sarki ranar Sallah zai gane girman aikin nan take.

Lambun kuwa ya kai eka 60. Akwai kurangar inabi da aka shuka a 1768, har yanzu tana 'ya'ya, a ƙarshen bazararsu ma ana sayar da inabin. Akwai shingen ɓad-da-mutum na tun wajen 1700, inda yara kan shiga su yi ta neman mafita iyaye na dariya, da filin wasa na musamman. In kana da niyyar zuwa Tower of London da fadar Kensington ma, yi lissafin katin memba na Historic Royal Palaces, domin duk hukuma ɗaya ce ke riƙe da su.

Leeds Castle tana yaudarar mutane da suna. Ba a birnin Leeds take ba, tana yankin Kent kusa da Maidstone. Ta fi sauran kyau a hoto, tunda a kan tsibirai take tsakiyar tabki, da fili mai eka 500, tarihinta kuma ya koma 1119. A nan ministocin harkokin waje na Masar da Isra'ila da Amurka suka gana a 1978, gabanin yarjejeniyar sulhu ta Camp David tsakanin Masar da Isra'ila. Cikin ginin bai kai na sauran girma ba, yawancin adon kuma na Lady Baillie ne, attajirar da ta saye shi a 1926. Matsalarta hanya: tashar jirgi na nesa da ƙofa, sai ka ƙara da tasi. Ta fi dacewa da mai mota.

Motocin yawon buɗe ido da ke haɗa Windsor da Stonehenge da Bath a yini guda, ban ba ka shawara ba. Rabin yinin a kujerar mota zai ƙare. Sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ka duba ranakun rufewa a shafin wurin. Lambu kuma sai tsakanin Afrilu da Satumba. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, furanni babu, sanyi ga shi nan, in a lokacin ka zo, to ɗakunan Windsor sun fi maka.