Kwamfuta ta maƙale bayan sabunta Windows: a koma baya ko a yi fomat?

Ɗan'uwa, ka ce tun da laftof ɗinka ta sabunta Windows take tsayawa a tambarin kamfani, ɗige-ɗigen nan suna ta zagaye, kuma mai gyara a kasuwar Wunti ta Bauchi ya ce sai fomat, wato a goge ta a sake sa Windows. Kafin komai, sa ta a caji ka bar ta kamar awa ɗaya. Tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB takan yi kamar ta mutu alhali aiki take.

Idan ba ta motsa ba, komawa baya, wato cire sabuntawar, ba ya cin ko sisi, kuma ba ya taɓa fayilolinka. Zare filash, firinta da duk abin da ke jone da ita. Kunna ta, da tambarin ya fito ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Ka maimaita sau biyu ko uku, Windows za ta buɗe shuɗin shafin gyara da kanta. Shiga Troubleshoot, sai Advanced options, sai Uninstall Updates. Za ka ga zaɓi biyu, ƙaramar sabuntawa ta wata-wata da babba. Fara da ƙaramar. Babbar kuwa kwana 10 kawai ake ba ka, bayan nan Windows kan goge tsohon tsarin, don haka kada ka jinkirta. Wataƙila ta nemi makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, lambobi 48 ne, suna cikin asusunka na Microsoft, ko ta waya za ka iya dubawa. Masu sayen kwamfuta ta hannu, a nan ake kuka, domin sau da yawa asusun na tsohon mai ita ne.

Fomat ya fi sauƙi ga mai gyara, shi ya sa yake saurin faɗa. Yana da ranarsa, musamman in an ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa har tsarin ya lalace. Amma zai share duk abin da ke C, wato ɓangaren ma'ajiyar kwamfuta da Windows ke ciki, har Desktop da Documents inda yawancinmu ke zuba komai, sannan ka sake sa Office da sauran manhajoji. In kuma ma'ajiyar ce, wato hard disk, ta fara gajiya, matsalar za ta dawo.

Ni dai ba zan yarda da fomat ba sai komawa baya ya ƙi. In ta kai ga haka, mai gyaran ya tayar da ita ta filash, ya kwashe fayilolinka a gabanka, ka buɗe wasu ka tabbatar suna aiki, sannan ya goge.