KDE Plasma: agogon da Baba ya karanta daga kan tabarma

Ni fa ba don ƙawa na koma KDE Plasma, wato manhajar da ke tsara fuskar kwamfuta a Linux, ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, tsohuwar kwamfutar Baba kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ne wani abokina ya sa mata Kubuntu 24.04, wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows, mai zuwa da Plasma 5.27. Da farko ban sa rai da wani abin kirki ba.

Shekaru sun ja, idon Baba ya yi rauni. Ɗan agogon nan na ƙuryar ƙasa bai fi ƙwayar gero ba a wurinsa, kullum sai ya ƙwala wa jika kira a duba masa lokacin shan magani. Ran nan ina ta latse-latse sai na jawo agogo mai hannu daga cikin wijet ɗin Plasma, wato ƴan ƙananan kayan aikin da ake jerawa a fuska, na dire shi a tsakiyar fuskar kwamfutar. Na danne shi da linzami na ɗan riƙe, sai ga ƴan maɗaukai sun ɓullo a gefunansa. Ina ja yana buɗewa, ina ja yana buɗewa, har ya kai girman faifai, kuma ko kaɗan bai dushe ba, domin zanen SVG ne, ba irin hoton da ke farfashewa in an faɗaɗa shi ba. A gefe na manna masa ƴar takardar rubutu ruwan ɗorawa, na rubuta lokutan maganin da manyan baƙaƙe, na mayar da launin fuskar Breeze Dark, wato mai duhu, saboda farin yana kashe masa ido.

Yana zaune a tabarma, tabarau na aljihu, sai na ji ya ce, "Kai, huɗu da kwata nake gani ko?" Na ce, "Haka ne Baba, kun gani daidai." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Wallahi sai da idona ya ciko. Kuma ko sisi ban biya ba.

Amma fa raina ya ɓaci bayan kwana uku, har yanzu in na tuna sai na ji zafi. Na sauko da wani adon fuskar kwamfuta da wani bawan Allah ya haɗa ya ɗora a intanet, hotonsa gwanin sha'awa. Ya cinye min data, na ɗora shi tare da tsarin shimfiɗarsa, kafin ka ce kwabo agogo ya ɓace, takardar magani ta ɓace, rubutu ya koma siriri kamar sawun tururuwa. Wanda ya haɗa abin ko layi ɗaya bai rubuta ba na gargaɗin cewa zai share wa mutum aikinsa. Baba ya buɗe da asuba bai ga komai ba, ya ɗauka shi ya ɓata, ya wuni yana ba ni haƙuri. Wannan ya fi komai ci min rai.

Na zauna na sake jera komai, na koma Breeze Dark. Adon mutanen waje kam na sallama shi. Agogon yana nan, na ma ƙara masa girma kaɗan, jikokin kuma an hana su taɓa linzamin.