Sharhina kan asibitin dabbobin da na kai Duna

Duna karen gadi ne, baƙi wuluk, shekararsa huɗu a gonata ta kaji da ke bayan garin Kano, ta hanyar Zariya. Tun da ya zo ba a sake haura mini katanga ba. A watan Agustan da ya wuce, ana tsakiyar damina, ya bi wani abu da daddare ya faɗa cikin wayar shinge mai ƙaya, ta yage masa cinyar baya. Faɗin ciwon ya kusa tafin hannu.

Na yi masa abin da na taso na ga ana yi. Na sa yaron gona ya shafa masa baƙin mai, ni kuma na murmushe ƙwayar maganin ciwon jiki a cikin tuwo na ba shi. Kwana huɗu ina cewa ai kare da lasa yake jinyar kansa. A rana ta biyar ya ƙi abinci, ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya kwanta, ƙudaje na binsa. Da na haska fitila sai na ga tsutsotsi suna motsi cikin naman. Daren nan ban runtsa ba.

Kai shi asibiti ma sai da aka sha fama. Masu adaidaita sahu uku suka ƙi ɗaukarmu, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙarshe maƙwabcina ya ara mini akori-kurarsa, muka shimfiɗa buhu muka kwantar da shi.

Asibitin mai zaman kansa ne, ƙarami, ɗaki uku. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ina miƙa hannu zan ɗaga ƙafar in nuna mata, ta dakatar da ni. "Baba, tsaya tukuna. Kare mai ciwo bai san ubangidansa ba." Ta ɗauko bandeji ta ɗaure masa baki, ta zagayo da shi ta ƙulle a bayan kunnuwa. Ta ce tsumma mai tsawo ma yana yi, amma kada in taɓa ɗaure bakin karen da ke amai ko numfashi da ƙyar.

Ta auna zafin jikinsa, ya haura 40, alhali na kare mai lafiya yana tsakanin 38 da 39 da ɗoriya kaɗan. Ta yi masa allurar da ta kwantar da shi, ta aske gashin da ke kewayen ciwon, sannan ta zauna da hantsaki tana cire tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a tasa. Na ƙirga har talatin na daina. Abin ya ɗauki kusan awa guda, ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma yamutsa fuska ba, ga wari ya cika ɗakin. Da ta wanke, na ce, "Likita, sai ɗinki ke nan?" Ta ce a'a. Ciwon da ya kwana biyar har ya yi mugunya ba a ɗinke shi, domin an rufe ƙazantar a ciki ke nan. Barinsa za a yi a buɗe ya ciko daga ƙasa.

Sai ta tambaye ni me na ba shi. Na nuna mata fakitin, ibuprofen ne. Ta ce wannan ƙwaya tana yi wa kare gyambo a ciki, tana kuma lalata masa ƙoda, in na ga kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta in dawo da shi nan take. Baƙin mai kuwa ba ya warkar da komai, lashe shi karen yake yi ya shiga cikinsa. Duk wannan ta faɗe shi ba tare da faɗa ba. Na shiga wurin da kunya a raina, da ta tsawata mini ƙila da ban faɗi gaskiya ba.

Inda na fi yaba mata shi ne ba ta tsaya kan ƙafar kaɗai ba. Ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashin ya yi fari fat, maimakon ja-ja. Ta leƙa kunnuwa, ga kaska jingim. Ta ɗebi ɗigon jini ta duba a madubin likita, ta ce akwai ƙwayar cutar da kaska ke sa wa, Babesia, wadda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi wa mutum. Sai da ta ɗora shi a sikeli kafin ta ja allurar. Ta ce maganin irin wanda makiyaya ke yi wa shanu ne na sammore, amma a jikin kare in ya ɗan zarce ƙima yana taɓa ƙwaƙwalwa, don haka kada in bari wani ya yi masa da kirdado. Ta kuma hana ni yi masa wanka da fiya-fiya don kashe kaska, abin da na san wasu na yi.

Sauran aikin a gida aka yi shi, kuma ta rubuta mini da hannunta, da Hausa. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce, a wanke ciwon safe da yamma. Ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta a ƙarasa su ko da ya ji sauƙi. Don hana lasa ta ce in sami ƙaramin bokitin roba in yanke gindinsa, in naɗe bakin yankan da tsumma, in zura masa a wuya in ɗaure da abin wuyansa. Tsohon gidan sauro kuma aka rataya masa saboda ƙudaje, tunda ƙwan da suka saka ba ya wuce yini guda ya zama tsutsa. Duk bayan kwana uku ina tura mata hoton ciwon ta WhatsApp tana dubawa.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Ba wanda ya faɗa mini kuɗin aikin kafin a fara, sai da aka gama aka miƙo takarda, kuma ya kusa kuɗin matsakaiciyar akuya. Na biya ban yi nadama ba, amma wanda bai zo da shiri ba zai ji kunya a wurin. Ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma a daren Asabar da ya yi amai sau biyu na yi ta kira ba a ɗauka ba sai da safe. Sannan wurin jira ɗaya ne tal. Ranar da muka koma akwai wani kwikwiyo mai gudawar jini kwance a ƙasa, kusa da wasu ƙanana da aka kawo rigakafi. Cutar nan tana yaɗuwa ta kashi, tana kuma daɗewa a ƙasa wata da watanni. Ya kamata su ware wa irin waɗannan wuri dabam, kuma na faɗa mata haka.

Wasu abokaina sun ce, kare kake kashe wa wannan kuɗin? Ni dai na san dabba ce da na ajiye don gadi, tana kwana a waje ina barci, kuma za a tambaye ni yadda na riƙe ta.

Bayan mako biyar ciwon ya rufe. Da ya murmure ta yi masa rigakafin haukan kare, wanda bai taɓa samu ba, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ke haɗawa. Ta gargaɗe ni cewa duk wanda kare ya ciza a gonar, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce da shi asibiti ranar, ko da karen namu ne.

Yanzu Duna ya koma bakin aikinsa. Gashi bai fito a kan tabon ba, kuma da sanyin safiya yakan ɗan ɗingisa kafin ƙafar ta saki. Katin rigakafinsa na cikin durowar da nake ajiye lissafin kaji, da ranar komawa baɗi a rubuce. Can zan sake kai shi, sai dai wannan karon zan tambayi kuɗi tun daga bakin ƙofa.