Soyayyar shinkafar Sin ko biriyani: wacce za ki ɗora wa baƙi a Maraɗi?

Amarya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Kin ce dangin maigida za su zo miki wuni daga Tasawa, mutum goma sha biyu ko fiye, kina so ki ɗan kauce wa shinkafa da miya da dafa-duka, ki yi musu girkin ƙasashen Asiya. Kin tsaya tsakanin soyayyar shinkafa irin ta Sin da biriyanin Indiya, wato shinkafa da nama da kayan ƙamshi da ake jerawa a tukunya ɗaya a turara, kuma kina neman abin zaƙi mai sauƙi wanda ba sai an gasa ba. Na ga ƴan'uwa da yawa sun ce ki yi ta Sin don ta fi sauƙi. Ni dai ban bi su ba. Duka biyun ina yin su a gidana, kuma abin da na gane shi ne wutar da kike da ita da yawan bakin da za ki ciyar su ne za su zaɓa miki.

Mu fara da ta Sin ɗin. Kada ki haɗa ta da soyayyar shinkafar da muke ci a gidajen biki, mai ruwan ɗorawa, wadda ake dafawa da kori da romon kaza. Wancan salo daga Najeriya ya shigo mana. Ta mutanen Sin fara ce, kuma a wajensu abincin ragowa ne: shinkafar jiya da ta rage, a soya ta da ƙwai da ɗan ganye don kada a zubar. Wadda ta fi suna ita ce ta birnin Yangzhou, mutanen Indonesiya kuma suna da tasu da suke kira nasi goreng. Kayanta ba su da yawa. Dafaffiyar shinkafa kofi 4, ƙwai 3, karoti, koren wake, lawashi, tafarnuwa, man gyaɗa, sai ruwan soya cokali 2. Ruwan soya baƙin ruwa ne mai gishiri da ake yi da waken suya da alkama, a bar su su ruɓa wata da watanni, kusan aikin da daddawa take yi mana a miya. Ana samunsa a kwalba a manyan kantuna. A girkinsu na asali sukan sa naman alade, wasu har da giyar shinkafa, don haka in kina kallon bidiyonsu ki lura. Mu kaza muke sawa, ko awara, kuma awara ba baƙuwa ba ce a wannan girki, don asalinta ma daga Sin take. Ki soya ta ta yi ja, ki yanka ƙanana.

In an tanadi komai, minti 10 ya isa. Nan ne sauƙin yake, kuma ban musa ba. Amma tana da sharaɗi biyu da ba a cika faɗa ba.

Na farko wuta. Wannan shinkafar ba ta yi sai kasko ya yi zafin da in kika ɗiga ruwa zai ɓace nan take. Kaskon da suke amfani da shi mai zurfi ne, gindinsa zagaye, kamar na masu ƙosai, to kasko ba matsala ba ne a wajenmu. Matsalar ita ce yawa. Da zarar kin zuba shinkafar da ta wuce ta mutum biyu ko uku, zafin kaskon ya faɗi, shinkafar ta fara fitar da tururi, maimakon ta soyu sai ta turaru ta dunƙule. Ga mutum goma sha biyu, sai kin soya sau huɗu ko biyar, kina tsaye kan wuta, baƙi na ɗaki ba ki zauna da su ba, ta farkon ta huce kafin ki gama ta ƙarshe. Kuma in kika jibge ta a kula, zufar da za ta yi ta kashe wara-warar da kika wahala a kai.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Dole shinkafar ta kasance ta huce ta bushe, shi ya sa kowa ke cewa a yi da wadda ta kwana. A ƙasar da firigo ba ya tsayawa, wannan magana daidai ce. A Maraɗi, musamman Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta, shinkafar da ta kwana abin tsoro ce. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take cikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, in dafaffiyar ta daɗe a ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma suya ko ɗumame ba sa kashe wannan gubar. Ya taɓa faruwa a gidana. Na dafa da dare na sa a firigo, aka ɗauke wuta har wayewar gari, na sansana ban ji komai ba, na soya da rana. Kafin la'asar yara biyu na ta amai. Allah ya kiyaye abin ya tsaya nan, amma tun ranar na daina kwanar da ita. Yanzu da safe nake dafawa, in rage ruwa kaɗan, in baza ta a babban tire ƙarƙashin fanka, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ta sha iska, in soya nan take. Shinkafar da aka turara tun daga masana'anta ta fi dacewa, don ba ta manne wa juna.

To biriyani fa? Abin da ke tsorata mutane shi ne jerin kayan ƙamshinta. Amma ki karanta jerin a hankali ki gani: citta, tafarnuwa, kanumfari, kirfa, kurkum, masoro, tonka, na'a-na'a. Wanne ne babu a wajen masu kayan yaji a babbar kasuwa? Man da Indiyawa ke kira gi, man shanu ne da aka soya, irin wanda Fulani ke kawo mana. Yogot ɗin da suke jiƙa nama a ciki, kindirmo ne. Soyayyar albasa ita ce ran biriyani, mu kuwa ga albasar Galmi a ƙofar gida. Abin da zai ɗan ba ki wahalar nema biyu ne: shinkafa basmati, doguwa siririya da ake nomawa a yankin Panjab na Indiya da Pakistan, da kadamom, ɗan koren ƙwanson nan mai ƙamshi da Larabawa ke kira hel, wanda duk wanda ya sha gahawa a Makka ya san shi. Za'afaran kuwa ki bar shi, tsada gare shi. Ɗan kurkum a cikin madara mai ɗumi zai ba ki launin.

Akwai hanya biyu da ake yin ta a Indiya, kuma sanin bambancinsu zai cece ki. A Haidarabad ɗanyen nama suke shimfiɗawa a gindin tukunya bayan ya jiƙu a yogot, su zuba shinkafa a kai, su dahu tare. A Laknau kuwa sai an dafa naman tukuna a haɗa. Ke ta Laknau za ki bi. Kazar gidanmu da zabo da naman jar akuyarmu suna da ƙarfi, in kika sa su ɗanye, shinkafa za ta caɓe nama bai ko fara laushi ba.

Ga yadda nake yi wa mutum biyar, sai ki ninka. Shinkafa rabin kilo, nama kilo 1, albasa manya 4, kindirmo kofi 1. Ki tabbatar kindirmon ba sukari, don na leda da ake sayarwa a sha yawanci an zaƙaƙa shi. Ki yanka albasar siri-siri ki soya har ta yi ja sosai ba ta ƙone ba, ki tsame. Ki cuɗe naman da kindirmo da dakakkiyar citta da tafarnuwa da sauran kayan ƙamshi da gishiri da rabin albasar, ki bar shi awa 2 a wuri mai sanyi. Sannan ki dafa shi da man da kika soya albasa har ya yi laushi, romon ya yi kauri ya rage kamar ludayi biyu. Ita shinkafar ki wanke, ki jiƙa minti 30, ki zuba a tafasasshen ruwa mai yawa da gishirin da za ki ji shi a harshe. Minti 5 ko 6 kawai. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murza: ta yi laushi a waje, tsakiyarta da sauran gari, to ki tsane a kwando maza. Duk wadda biriyaninta ya lalace, yawanci a wannan mintin ne, ta juya baya shinkafa ta wuce. In kin samu basmati mai ɗan ruwan zuma da aka rubuta wa sella a buhu, ta fi haƙuri, ba ta saurin karyewa, sai dai tana son jiƙon awa ɗaya.

Daga nan sai jeri. Nama da romonsa a ƙasa, shinkafa a kai, ki barbaɗa sauran albasa da na'a-na'a, ki yaryaɗa man shanu cokali 3 da madarar kurkum. Ki kwaɓa fulawa ki liƙe bakin murfin da ita, kamar yadda muke liƙe madambaci kada tururi ya tsere. Wannan shi suke kira dum. Kuma a nan ne murhun gawayinmu ya fi gaz. Gaz yana dukan tsakiyar tukunya wuri ɗaya, sai ƙasa ta kama ta yi ƙauri, shi ya sa masu gaz ke sa tsohon kasko a ƙarƙashi. Da gawayi kuwa, ki bar ta minti 5 a kan wuta sosai, ki kwashe yawancin garwashin ki ɗora a kan murfi, ki bar kaɗan a ƙasa ki rufe da toka. Haka masu girkin biki na can suke yi tun kaka da kakanni, wuta sama da ƙasa. Minti 25 zuwa 30, ki sauke, kada ki buɗe sai bayan minti 10. A duk tsawon wannan lokacin hannunki a sake yake. Ki yi wanka, ki gaisa da surukai. Tukunya ɗaya ce ko ta mutum biyar ce ko ta ashirin, kuma tana riƙe zafinta har a idar da azahar.

Ban ce ba ta da nata nauyin ba. Ta fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, don basmati ta fi shinkafar yau da kullum tsada, ga nama ga man shanu. Tana cin rabin wuni. Kuma in an liƙe tukunya an gama, babu ɗanɗanawa a ƙara gishiri, yayin da ta Sin kina soyawa kina gyarawa. Don haka ranar da kuke ku biyu da maigida, ko yara sun dawo makaranta da yunwa, ta Sin nake ba ki shawara ba tare da wani dogon tunani ba. Ranar baƙi kuwa biriyani. Ki yanka kokwamba da albasa cikin kindirmo da ɗan gishiri a ci da ita, yana sanyaya yajin.

Saura abin zaƙi. Biyu ne za su shiga hannunki ba tare da gashi ba: kir na Indiya, da shinkafa da mangwaro ta Tailan.

Ta Tailan ta fi kyan gani a faranti, amma shinkafar da ake yin ta da ita wata iri ce mai danƙo da ake jiƙawa a turara, kuma ni ban taɓa cin karo da ita a kasuwarmu ba. Na gwada da shinkafar tuwo, ta yi daɗi, sai dai ba ta da wannan danƙon. Sai kin kankare kwakwa kin matse madararta, kin ɗumama da sukari da ɗan gishiri, gishirin nan shi ne sirrinta, kin zuba a shinkafa mai zafi ta tsotse, kin yanka nunannen mangwaro a gefe. Madarar kwakwa ba ta jure zafinmu, tana saurin tsami, kuma in ba lokacin mangwaro ba ne maganar ma ba ta taso ba. Bayan haka, mutumin da ya ƙoshi da biriyani ba zai so a sake ajiye masa wata shinkafa mai nauyi ba.

Kir ma da shinkafa ake yi, amma ƴar kaɗan ce, madara ce ta fi yawa, shi ya sa yake shiga ko an ƙoshi. Madara lita 1, shinkafa cokali 4 kacal, ko karyayya ce ta yi, har ta fi. Madarar gari da kika dama da ɗan kauri ta wadatar. Ki sa a tukunya mai kaurin gindi a kan ragowar garwashin biriyanin, kina motsawa kina kankare gefe, kamar minti 40, har shinkafar ta narke madarar ta yi kauri. Sai a ƙarshe ki sa sukari cokali 5 da dakakken kadamom guda 3. Indiyawa kan watsa almon ko kashu a kai, ni soyayyar gyaɗa nake dakawa sama-sama, wani lokacin da yankakken dabino. Ana shan sa da ɗumi ko da sanyi, ko an ɗauke wuta ba ki da asara, in dai ba za ki bar shi ya wuni a waje ba. Tsofaffi suna karɓarsa da sauri don yana tuna musu da kunun gyaɗa. Ki sauke shi yana da ɗan ruwa-ruwa, don in ya huce yana ƙara kauri.

Kafin ranar, ki gwada biriyanin da kofi 2 na shinkafa ku ci ku biyu, don ki gane mintin tsanewar da irin shinkafar da kika saya. In kin yi, ki faɗa mini yadda ƙasan tukunyar ya fito, daga nan zan san ko garwashin ya yi miki yawa.