Observer: gem ɗin ɗan sandan ciki da ya fi iya ƙwanƙwasa ƙofa a kan bincike

Wanda ya sayi Observer da niyyar harbe-harbe ya yi asarar kuɗinsa. Babu bindiga a ciki, babu dambe, ko mari ba za ka yi wa kowa ba tun daga farko har ƙarshe. Kai dattijo ne, ɗan sandan ciki mai suna Daniel Lazarski, jiki ya fara ƙi, ga shi an kulle ka cikin wani ruɓaɓɓen bene a birnin Krakow na ƙasar Folan, a shekarar 2084. Kamfanin Bloober Team ne ya yi shi, su ma a Krakow ɗin suke zaune, ya kuma fito a watan Agustan 2017. A Nuwamban 2020 suka sake fitar da shi da gyare-gyare, suka kira shi Observer: System Redux. Wannan na biyun na buga a na'urar gem ta PlayStation 4 (PS4), yawanci da daddare bayan yara sun kwanta, don ba gem ne da za ka kunna a gabansu ba.

Duniyar da suka gina ba ta da daɗin zama ko kaɗan. Mutane sun saba sa wa jikinsu sassan na'ura, wani hannu, wani ido, wani ma a cikin kai. Sai wata annoba da ake kira nanophage ta ɓulla tana kama masu irin waɗannan sassa, ta kashe jama'a bila adadin, yaƙi kuma ya biyo baya ya ƙarasa abin da ya rage. Da abubuwa suka lafa, wani kamfani mai suna Chiron ya haɗiye ƙasar ɗungurungum, shi ne gwamnati, shi ne mai 'yan sanda. Aka kasa mutane aji-aji, 'yan ajin C su ne na ƙasa, aka tura su unguwannin da babu mai leƙawa. Lazarski yana cikin wani rukuni na 'yan sanda da aka ba izinin shiga ƙwaƙwalwar mutum kai tsaye da wata na'ura mai suna Dream Eater. Ba sai an yi maka tambaya ba, waya za a jona a kanka a ga abin da ka gani. Shi ya sa jama'a ke tsoronsu, suna kuma ƙyamarsu.

Labarin ya fara ne yana zaune a mota ana ruwa, sai ɗansa Adam, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji, ya kira shi. Ya bi sawun kiran har wani bene na 'yan ajin C, ya shiga ɗakin yaron, ya tarar da gawa babu kai. Kafin ya bar wurin ƙararrawa ta tashi, ƙofofin ƙarfe suka rufe benen gaba ɗaya, ba shiga ba fita. Gawar ta ɗansa ce ko ta wani? Wannan tambayar ce ke jan ka har ƙarshe, ba kuma zan ɓata wa kowa amsarta ba.

Abin da ya fi burge ni a gem ɗin nan shi ne ƙofofi. Tunda an kulle benen, kowa yana cikin ɗakinsa, babu mai buɗe maka. A jikin kowace ƙofa akwai 'yar na'urar magana mai ƙaramin allo. Ka danna, sai ka ga ido ɗaya ya cika allon, ko baki yana motsi, hoton yana rawa. Da wannan kaɗai za ka san mutum. Wani zai tambaye ka a rikice ko annobar ce ta dawo, yana roƙon ka gaya masa gaskiya, kai kuma ba ka san komai ba. Wani da ya ji ko kai wane ne sai ya zazzage maka zagi. Akwai magidancin da shi da iyalinsa suka ƙi sa wa jikinsu ko da ƙusa ɗaya ta na'ura saboda aƙida, maƙwabta na yi musu kallon mahaukata. Akwai wanda ya daɗe yana kwance cikin duniyar kwamfuta har ya kasa bambance ta da ta gaske, yana yi maka magana a matsayin wanda ke can. Wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗakuna barkatai, inda ka san tarin maƙwabcinka da rigimarsa da matarsa amma ba ka san cikakken sunansa ba, zai gane wurin nan take. Mafi yawan hirarrakin nan ba su da alaƙa da kisan, ba kuma dole ba ne ka yi su. Amma su ne suka sa na yarda akwai mutane a benen, alhali kusan babu wanda na gani ido da ido.

Wanda kake gani sosai shi ne Janus, mai kula da benen. Tsohon soja ne, yaƙi ya cinye rabin jikinsa, aka cike masa da tsofaffin ƙarafan da sun fara lalacewa. Maganarsa tana yankewa a tsakiya, yana manta abin da ya fara faɗa, sai ya tsaya ya lalubo. Ba a yi dogon bayani a kansa ba, amma duk lokacin da na wuce ta wurinsa sai na ji babu daɗi.

To, binciken fa? A nan ne na fara ƙorafi. Lazarski yana da idanu biyu na musamman. Ɗaya yana haska kayan lantarki, ɗayan yana haska abin da ya shafi jiki, kamar jini da rauni da gashi. A ɗakin Adam abin ya yi armashi. Ka tsuguna kan gawar, ka haska raunin wuyan, ka haska jinin da ke ƙasa, ka buɗe durowa, ka shiga kwamfuta ka karanta saƙonni. A nan ka ci karo da harufa biyu, HN, ka je ofishin Janus ka duba rajistar 'yan haya don gano mai wannan suna. Da na yi wannan sai na gyara zama, na ce yau za a yi aiki da kai.

Ashe iyakarsa ke nan. Daga nan gaba, gem ɗin ne ke yi maka tunani. Ka haska duk abin da ya yi ƙyalli a ɗaki, Lazarski ya faɗi ma'anarsa da bakinsa, a rubuta maka inda za ka nufa. Ba a taɓa tara maka shaidu a ce kai ka fitar da mai laifi ba. Ba za ka iya zargin wanda bai ji ba bai gani ba, ba za ka iya ɓata shari'a ba, don babu hanyar kuskure. Mafi wuyar abin da za a nema a wurinka shi ne lambobi huɗu na buɗe ƙofa, su ma galibi suna nan kusa, a jikin bango ko cikin wani saƙo. Gem ɗin da ya sa maka rigar ɗan sandan ciki ya kamata ya bar ka ka ji kunya ko da sau ɗaya. Ga kuma wata 'yar wahala: kafin ka buɗe ƙofa ko durowa sai ka riƙe madanni ka ja analog, wato 'yar sandar da ke jikin abin bugawa. Da farko yana da daɗi, amma idan ka kai durowa ta barkatai wadda babu komai ciki, sai ya zama aiki.

Shiga ƙwaƙwalwa shi ne abin da aka tallata, kuma karon farko ya cancanci tallan. Ka tarar da wani mai suna Amir Nowak yana gargarar mutuwa a ɗakinsa, bai iya magana, sai ka jona. Nan take bango ya narke. Kana cikin ɗakinsa, ka buɗe ƙofa ka faɗa kurkukun da ya taɓa zama, ka juya ka ga hanyar da ka biyo ta ɓace, ɗaki ɗaya yana ta maimaita kansa. Babu mai yi maka bayani, kai za ka harhaɗa rayuwar mutumin daga gutsattsarin tsoronsa. Shiga kan matarsa Helena, wato mai harufan HN ɗin nan, ya fi tsaya mini a rai. Ita ma'aikaciyar Chiron ce, kuma a cikin kanta ofis ɗin bai da ƙarshe, tebur bayan tebur, ga fargabar a kama ta da abin da take ɗauka a ɓoye. Ita ta riga ta mutu kafin ka iso, na'urar kuma ta hana shiga kan mamaci, amma Lazarski ya cire wannan kariyar ya shiga. Tun daga nan tunaninsa ya fara cakuɗewa da na mutanen da yake shiga, rashin lafiyar matarsa da rasuwarta da saɓaninsa da Adam suna kutsowa cikin mafarkin wasu. Wannan dabara ce mai kyau, don ta nan ne ka san shi ba tare da an zaunar da kai an ba ka tarihi ba.

Sai dai ba su san inda za su tsaya ba. Wuraren nan suna da tsawo fiye da kima, kuma dabarun ba su da yawa: hoto ya tsattsage, fitila ta yi ta walƙiya, ƙara ta tashi ba zato, ka juya ɗaki ya canza. Wanda ya buga Layers of Fear, gem ɗin da kamfanin ya fitar a 2016, ya riga ya san wannan salon. Idan aka yi maka sau da yawa tsoro yakan tafi, ya bar ka da ciwon ido. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne dodon da suka cusa a wasu wurare, wanda sai ka laɓe a bayan tebur ka jira ya wuce. In ya gan ka, ka mutu, ka sake daga baya. A Redux sun sassauta wannan ɓangaren, amma da sun cire shi gaba ɗaya da ya fi. Kana tsakiyar fahimtar baƙin cikin wata baiwar Allah, sai a mayar da kai wasan ɓuya. Haka ma maganin da Lazarski ke yi wa kansa allura da shi, synchrozine, idan ganinsa ya fara wargajewa. Yana nan ko'ina a benen, ban taɓa jin tsoron zai ƙare mini ba, don haka bai ƙara komai ba.

Muryar Lazarski ta Rutger Hauer ce, ɗan wasan fim ɗan ƙasar Holan, wanda ya rasu a watan Yulin 2019, fuskar ma tasa ce. Masu gem sun rabu a kanta, na kuma ga dalili. Yana magana a gajiye, ƙasa-ƙasa, wani lokaci yana jan kalma. Ni ta yi mini daidai da tsohon da duniya ta ishe shi, musamman a hirar ƙofa, inda yakan jefa baƙar magana cikin sanyin murya. Amma akwai wuraren da ya kamata a ji tashin hankalin uba, sai ka ji shi yadda yake tun farko, ko gezau.

Akwai ƙananan shari'o'i a gefe waɗanda za ka iya wucewa ba ka gan su ba, Redux ya ƙara uku a kai. Wadda ba na mantawa ita ce ta aladen da na tarar a wani ɗaki na ƙasa, an jona masa wayoyi, ana shuka sassan jikin mutum a jikinsa don sayarwa, an kuma sa masa na'urar da ke nuna masa yana yawo a fili don kada ya ji azaba. Na'urar ta samu matsala. Ko ka gyara ta ya ci gaba da zama cikin mafarkin ƙarya, ko ka kashe komai ya huta. Na daɗe a tsaye kafin na zaɓa. Zaɓin bai canza komai a babban labarin ba, amma ya fi yawancin babban labarin sa ni tunani. A kwamfutocin benen kuma sun ɓoye wani ɗan ƙaramin gem irin na da, na jarumi da gizo-gizo, wanda ya cinye mini lokaci fiye da yadda ya kamata.

Kashi na ƙarshe shi ne mafi rauni. Labarin ya bar 'yan haya da ƙofofinsu, ya gangara ƙarƙashin ƙasa, ya koma dogayen jawabai a kan ko tunanin mutum da aka kwafa cikin na'ura shi ne mutumin. Ƙarshe iri biyu ne, kuma zaɓi ɗaya tak da za ka yi daf da rufewa shi ke raba su. Duk abin da ka yi a baya ba ya shiga lissafi.

Ga mai niyyar saye, gem ɗin gajere ne, awa shida zuwa takwas ya ishi yawancin mutane, don haka gara a jira lokacin da aka yi ragin farashi. Sai kana jin Turanci sosai, don rabin daɗinsa a magana yake. Ka kunna rubutun ƙasan allo, in ba haka ba muryar Hauer za ta riƙa wuce ka, ka kuma sa iyafis, saboda an yi aiki a kan sautin benen: bututu na ɗiga, tattabaru, rigimar da ake yi a bayan bango. Hoton yana da duhu ƙwarai, da rana a ɗaki mai haske ba za ka ga komai ba. Akwai jini da ashar da abubuwan manya. Mai farfaɗiya, ko wanda walƙiyar fitila ke sa wa jiri, ya haƙura da shi kawai. In kuwa ka fara, kada ka biye wa saƙon da ke ce maka ka yi maza ka je ɗaki kaza. Ka bi hawa-hawa ka danna kowace ƙofa tun da wuri, don akwai inda labarin zai kai ka wanda ba ka da damar komowa.