Shagon da ya buga mana wasiƙar depitoci kan makaman ƙare dangi

Duk mai ƙungiya ko fada a Maraɗi da ke da takardar da zai kai wa hukuma, ina ba shi shawara ya gwada wani ƙaramin shagon buga takardu da ke unguwar Zariya. Ƙofa ɗaya ce, ordinatar biyu, injin fotokofi babba guda, sai benci a waje. Mai shagon ya roƙe ni kada in sa sunansa a intanet, na kuwa cika masa. Ƴan kabu-kabun unguwar sun san wurin, ka ce musu shagon da ake buga Hausa da ƙugiya.

Aikin da muka kai ba irin wanda suka saba gani ba ne. Mu ƴan kaɗan ne: tsofaffin malaman lakkal irina, wasu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da dattawan da suka yi aikin ƙarfen yuraniyom (wanda ake sarrafa nukiliya da shi) a Arlit da Akokan kafin su dawo gida. Muna son rubuta wa depitocin jihar Maraɗi mu roƙe su su tashi tsaye kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta haramta makaman nukiliya. Ƙasashe 122 suka amince da ita ranar 7 ga Yulin 2017, ta fara aiki ranar 22 ga Janairun 2021. Nijar ta sa mata hannu a watan Disamban 2020, amma sa hannu bai ɗaure ƙasa ba sai an bi ta majalisar dokoki an tabbatar da ita, kuma wannan matakin ne ya rage a lokacin. Maƙwabciyarmu Najeriya ta gama nata tun ranar 6 ga Agustan 2020. Mun tsai da cewa wasiƙun su isa Yamai kafin 13 ga Fabrairun 2023, ranar da aka cika shekara 63 da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggan, cikin saharar Aljeriya.

Abin da ya fi burge ni a shagon nan shi ne ana karanta abin da ake bugawa. Na sha kai takarda wurare a garin nan, a buga maka ita ido na kan rubutu hankali na kan waya, ka dawo gida ka ga an tsallake layi guda cur. A nan, ƙanwar mai shagon ce ke zaune gaban ordinatar, yarinya mai natsuwa da ta gama lise. Na ba ta rubutun hannuna na Faransanci da na Hausa. Ba ta taɓa madanni ba sai da ta karance shi tsaf, sannan ta ɗago kai ta ce, "Baba, in depite ya karanta wannan, tambayar da zai fara yi ita ce ko yarjejeniyar za ta hana mu sayar da ƙarfenmu. Ban ga amsar ba a ciki."

Na ce, "Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, buɗe sabon layi."

Gaskiya ta faɗa, don ko a wurin shan shayi wannan tambayar ake fara jefo mana. Amsar kuwa a fili take. Yarjejeniyar ta hana ƙera bam, da gwada shi, da ajiye shi, da barazana da shi, da taimaka wa wani ya yi hakan. Ba ta hana amfani da nukiliya ta hanyar lumana ba, kamar samar da wutar lantarki da aikin asibiti, ta ma faɗi haka tun a gabatarwarta. Tun 1971 ake haƙo ƙarfen nan a Arlit, kuma mu ba mu ce a rufe rami ko ɗaya ba. Cewa muka yi ƙasar da ƙarfen ke fitowa daga cikinta tana da bakin da za ta ce kada kowa ya mallaki makamin da ke shafe gari a ƙiftawar ido. Wannan sakin layin da yarinyar ta sa muka ƙara, shi ne yanzu na biyu a wasiƙar, kuma shi na fi karanta wa mutane in muna neman sa hannu.

Wani wurin kuma yayanta ne ya sa baki. Na cika shafi uku da tarihi: Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 da mutum wajen 140,000 da suka mutu kafin ƙarshen shekarar, Nagasaki bayan kwana uku, ƙasashe tara da ke riƙe da makaman a yau, Rasha da Amurka da ke da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ya ce, "Mushe, na buga wa mutane da yawa takardun hukuma. Wadda ta wuce shafi ɗaya, sakatare ne ke karanta ta, shi ma rabi." Ku lura, kuɗinsa a kan shafi yake. Da ya yi shiru da ya ci kuɗin shafi uku sau yawan depitocin. Ya ba mu shawara wasiƙar ta tsaya a shafi ɗaya, buƙatarmu a layin farko, tarihin kuma a mayar da shi takarda daban mai gaba da baya da za a maƙala.

A wannan takarda ta biyu muka bar abin da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne abin da yawancin yaranmu ba su taɓa ji ba. Bam ɗin Reggan ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu, an tayar da shi a sarari wata shida kafin mu samu ƴancin kai. Daga 1960 zuwa 1966 Faransa ta yi gwaji 17 a Aljeriya, huɗu a sararin Reggan, 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker, inda na ranar 1 ga Mayun 1962 ya ɓalle ya fitar da gurɓataccen hayaƙi waje. A 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar soja da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar gwajin farko ta bazu har Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wanda ya san yadda hunturu ke sauko mana da ƙura daga arewa ba ya buƙatar dogon bayani. Magabatanmu ba su yi shiru ba a lokacin: a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas saboda gwaje-gwajen nan. Kuma ba mu manta 2003 ba, da aka ɗauki sunan Nijar a takardun jabu aka ce mun sayar wa Iraƙi ƙarfe, aka sa shi cikin hujjojin yaƙi, har hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta fito ta ce takardun ba na gaske ba ne. Mun kuma jawo hankalin depitocin ga sashe na 6 da na 7 na yarjejeniyar, masu magana kan taimakon waɗanda gwaji ya cutar da gyaran ƙasar da ta gurɓace. Duk wannan ya shiga gaba da baya na takarda ɗaya, da rubutun da dattijo zai iya karantawa ba tare da matse ido ba. Wannan tsarin aikin yarinyar ne.

Takardun sa hannu ma sun yi kyau. Ta ja layuka masu faɗi, gurbin suna, gurbin unguwa, da babban gurbi na ƙarshe don masu dangwala yatsa, domin iyayenmu mata da yawa haka suke sa hannu. Mai shagon ya ara mana akwatin tawadarsa bai karɓi ko dala ba. Ya kuma sauko mana daga intanet da takardar alkawarin ƴan majalisa ta ƙungiyar ICAN mai fafutukar kawar da makaman nukiliya, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2017, muka saka kowane depite kwafi ɗaya cikin ambulan ɗinsa don in ya yarda ya sa hannu.

Ajami ne ba su iya bugawa ba, kuma mai shagon bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce ba shi da shi a injin. Wani malamin zaure ya rubuta mana taƙaitaccen bayanin da alƙalami, su kuma suka ɗauki hotonsa suka fitar da shi fes, wasali bai ɓace ba. Wannan kwafin ne ya fi yawo a ƙofar masallatai bayan la'asar.

Yanzu ga inda ban gamsu ba. Tutar yadi da muka sa a yi mana don ranar taro ba a shagon ake yin ta ba, wani wuri suke kaiwa, kuma ba a gaya mana haka tun farko ba. Ta zo a makare, jan rubutun ya koma ruwan goro, daga ƙetaren titi ba a iya karanta layin ƙasa. Mai shagon ya rage mana kuɗi da kansa, amma taron ya riga ya wuce. Mai son tuta ya nemi masu wannan sana'ar kai tsaye. Na biyu, ba su da injin wuta. In kuran ya ɗauke, aiki ya tsaya cak sai ya dawo, kuma benci ɗaya ne a rana. Wani dattijo cikinmu mai ciwon ƙafa dole ya koma gida. Rumfar zana kaɗai za ta magance rabin wannan matsalar, na kuma faɗa masa baki da baki. Na uku, takardar da suke amfani da ita kullum siririya ce, in an buga gaba da baya rubutun na leƙowa. Da muka nuna, sun canza mana da mai kauri, amma sai da muka ƙara kuɗi.

Kuɗin nasu dai daidai da na gari ne. Fotokofi dala biyar shafi, in aiki ya yi yawa ana ragi. Buga shafi a ordinatar dala ɗari, kuma duk gyaran da muka yi ta komawa muna yi, na ƙarin suna ko sauya jimla, ba a sake cajin mu ba. Sun ajiye mana aikin a injinsu, sun kuma turo mana shi ta WhatsApp, abin da ya sa ɗalibanmu suka iya aika wa abokansu na Tasawa da Dakoro su buga can su tara hannu.

Wasiƙa ta gaba da muka shirya a 2023 ta magajin garin Maraɗi na lokacin ce da shugabannin da'irori ukun birnin, muna roƙon su shiga kiran da birane irin su Paris suka sa wa hannu na goyon bayan yarjejeniyar, kuma shagon nan muka yi niyyar sake kai ta. In za ku je, ku je da hantsi kafin ɗalibai su cika wurin da takardun jarrabawa, ku tafi da rubutunku a tsabtace, kuma in gaba da baya za a buga muku, ku nemi takarda mai kauri tun kafin a fara.